Labarin zane: yadda ake koyonsa da yadda ake cin abinci da shi, daga Imanan zuwa Yamai

Labarin zane, wanda masu jin Faransanci suka sani da bande dessinée ko BD a taƙaice, hanya ce ta ba da labari da hotunan da aka zana aka jera bi da bi, galibi tare da ƴan kalmomi. Ya bambanta da zanen barkwancin jarida, wanda hoto ɗaya ne tak, ya kuma bambanta da katun na talabijin, wanda hotunansa ke motsi. A Bonkuku, babban garin Imanan, da Filinge da ƙauyukan Kurfai, da wuya a shiga aji ba a tarar da ɗalibin da bayan kayensa ya cika da zanen ƴan kokowa da motoci da ƴan ƙwallo ba. Yawancinsu suna watsar da abin kafin su gama kwaleji, don ana ɗaukarsa wasan yara. Alhali sana'a ce mai ƙa'idoji da kasuwa, ko da yake kasuwar ƙarama ce, kuma sai da lissafi. Abu biyu ke raba wanda ya ɗore da wanda ya bari: gama ƙananan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, da sanin yadda ake sayar da aiki ba tare da an rasa haƙƙinsa ba.

Yadda shafi yake

Shafin labarin zane a rabe yake gida-gida, kamar gidajen dara. Kowane gida yana ɗauke da lokaci guda na labarin. Maganar mutane tana shiga cikin kumfa, wato da'ira mai ɗan wutsiya da ke nuna bakin mai magana. Bayanin wuri ko lokaci, irin su "Washegari da hantsi", yana cikin ƙaramin akwati a saman gida.

Tsakanin gida da gida akwai farar tazara, kuma tana da aiki babba. Idan a gida na farko an ga ɗan kokowa ya cafke ƙafar abokin karawarsa, a na biyu kuma an ga jama'a sun kutsa fili makaɗa na ta kiɗa, mai karatu zai gane an yi kaye ko da ba a zana faɗuwar ba. Gwanintar mai zane tana cikin zaɓen lokutan da zai nuna da waɗanda zai bar wa mai karatu ya cike da kansa.

Ana bin shafi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, haka ma kumfa cikin gida. Saboda haka wanda ya fara magana shi ake sa wa hagu. Mai rubutu da ajami sai ya juya tsarin duka, daga dama zuwa hagu, kamar yadda ƴan Japan ke yi da nasu da ake kira manga.

Waɗanda suka riga

Masana da dama suna fara tarihin abin daga Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta na birnin Janeba, wanda ya buga labaransa a shekarun 1830. Tintin ya fito a Beljiyam a 1929, Superman a Amurka a 1938, Astérix a Faransa a 1959. Astérix aikin mutum biyu ne: René Goscinny yana rubuta labari, Albert Uderzo yana zanawa. Wanda ya iya zane bai iya tsara labari ba, ko wanda ya iya labari hannunsa bai faɗa ba, yana iya neman abokin aiki, kuma haka ake yi har yau.

A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mujallar yara ta Kouakou, wadda aka fara bugawa a Paris a 1966, ta shiga makarantu har zuwa ƙarshen shekarun 1990. Bayan haka jaridun barkwanci suka zama makarantar masu zane. A Senegal, T.T. Fons ya ƙirƙiro Goorgoorlou, magidancin da kullum yake fafutukar kuɗin cefane, har aka mai da shi wasan talabijin. A Abijan, jaridar Gbich! ta fara fitowa a 1999. Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta rubuta Clément Oubrerie ya zana, ya fito a 2005, ya ci kyautar littafin farko a bikin Angoulême na Faransa a 2006, aka kuma yi fim ɗinsa a 2013. Labarin ƴan mata ne na wata unguwar Abijan, da iyayensu da samarinsu. A Najeriya, kamfanin Comic Republic na Legas ya soma a 2013 yana sakin labaransa kyauta ta intanet, Mustapha Bulama kuma ya yi suna da zanen siyasa a jaridar Daily Trust.

A Nijar, jaridu masu zaman kansu da suka ɓullo daga 1990, irin su Haské da Le Républicain, daga baya kuma Le Canard Déchaîné, sun buɗe wa zanen barkwanci ƙofa. Amma babban abin koyi shi ne Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942. Makanike ne da ya koya wa kansa zane, yana haska hotunansa da fitila don jama'a su kalla, kafin ya haɗu da Jean Rouch, ya kuma je Kanada wurin Norman McLaren. Fim ɗinsa na zane, Bon voyage Sim na 1966, ya yi amfani da kwaɗi wajen yi wa ziyarce-ziyarcen shugabanni shaguɓe. Ya shafe shekaru da yawa yana aiki a Tawa, nesa da babban birni, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2024 aka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai sunansa.

Kayan aiki

Na farawa ba su da yawa: farar takarda A4, fensir mai lamba HB ko 2B, magogi, rula, da baƙin bik ko alƙalami mai siririn baki. Idan hannu ya faɗa, sai a koma ga tawadar Sin, wadda ruwa ba ya narkar da ita bayan ta bushe. Tawadar allo ta ƙaro tana da kyau wajen koyon jan layi da alƙalamin kara, amma tana narkewa da ruwa, don haka ba a sa launi a kanta.

Ƙwararru sukan zana a takarda babba, A3, sannan a rage girman wajen bugawa, saboda ragewa tana ɓoye rawar hannu. Kowace takarda aka zaɓa, a bar gefe na kamar santimita ɗaya da rabi ba zane, don na'ura tana cin baki.

Inda babu na'urar sikana, wayar salula ta isa: a shimfiɗa shafi a inuwa da rana, a riƙe wayar daidai samansa, kada a kunna hasken waya. Inda akwai sikana, a nemi ma'aunin dpi 300 ga zane mai launi, 600 ga baƙi da fari. Akwai manhajojin zane na kyauta, irin su ibisPaint da MediBang a waya, Krita da GIMP a kwamfuta. Suna sauƙaƙa gyara da sa launi, amma wanda bai iya zana hannun mutum a takarda ba, ba zai iya a gilashi ba. Takardun asali kuwa a adana su cikin leda mai kauri saboda gara da ƙura da ruwan damina, hotunansu kuma a ajiye su a wuri biyu, don waya tana ɓata.

Koyon hannu

Gani ya kori ji. Kwaikwayon littattafan wasu yana koya wa mutum dabaru, amma wanda ya tsaya a nan zai wayi gari yana zana manomin Imanan da fuskar ɗan Japan. Magani shi ne zana abin da ido ke gani. Kasuwar Lahadi ta Filinge ta ishi mai koyo makaranta: raƙumi a durƙushe, amalanken jaki, naɗin rawani, mace da goyo da tulu, dillali yana riƙe da hannun mai saye. A ba kowane zane minti ɗaya ko biyu, a kama tsayuwar jiki da motsi, a bar ƙananan abubuwa sai an koma gida. A nemi izinin mutum kafin a zana fuskarsa, a kuma nisanci wuraren jami'an tsaro.

Ƴan ƙa'idoji suna taimakawa. Tsawon babban mutum yakan kai kamar kansa bakwai zuwa bakwai da rabi, na ƙaramin yaro huɗu zuwa biyar. Abin da ke nesa yana ƙanƙancewa, layukan hanya ko na bango kuma suna haɗuwa a daidai tsayin idon mai kallo. Hannu da ƙafa su ne suka fi wuya, don haka su ya kamata a fi maimaitawa.

Kowane jarumin labari yana bukatar takardarsa: a zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, yana dariya, yana fushi, yana jin tsoro. Sannan a cike siffarsa da baƙi gaba ɗaya. Idan har ana iya bambanta shi da sauran ta hula ko tumbi ko tafiya, ya yi.

Matakan aiki

1. Taƙaita labari. A faɗe shi cikin jimla biyu: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, yaya ta ƙare. Labarin da ya ƙi taƙaituwa bai nuna ba tukuna.

2. Rubuta shi shafi-shafi. A ƙarƙashin kowane gida a rubuta abin da ake gani da abin da ake faɗa.

3. Shata. A ƙaramar takarda, da ƴan sanduna da da'irori, a tsara gidajen kowane shafi. Gida biyar zuwa takwas sun isa shafi. A sauya nisa: hoto mai faɗi don a san inda ake, matsakaici don hira, na kusa don a ga ido ko hannu. Gidan ƙarshe na shafin dama a bar shi da tambaya, don mai karatu ya juya. A wannan mataki ake gyara, lokacin da gyara bai da tsada.

4. Rubutun kumfa. A rubuta magana tun kafin a gama zane, don a san filin da za ta ci. Sabon hannu yakan cika gida da zane, daga baya ya rasa inda zai cusa kalmomi.

5. Zanen fensir, sannan bin tawada. Abin da ke kusa a ba shi layi mai kauri, na nesa siriri. Sai tawada ta bushe sarai kafin a goge fensir.

6. Launi, idan da hali. Baƙi da fari ya fi arha wajen bugawa nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan manga haka suke.

Kuskuren da ya fi kashe gwiwar masu farawa shi ne buɗe aiki da labari mai shafi 200. Littafin da aka saba bugawa a Faransa da Beljiyam shafi 48 ne, kuma yakan ci wa ƙwararre kusan shekara. Mai koyo ya fara da layi ɗaya mai gida uku ko huɗu, sannan shafi ɗaya, sannan huɗu, sannan takwas. Kowane aiki da aka gama yana koyar da buɗe labari da rufe shi, abin da rabin babban littafi ba ya koyarwa.

Harshe da rubutu

Kundin da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ban da haka, labarin da aka rubuta da Hausa yana da masu karatu daga Filinge har Kano. Sai dai a kiyaye ƙa'idar rubutu, wadda Nijar ta tsayar tun 1999. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna sauya ma'ana: kafa daban, ƙafa daban. Yawancin salon haruffan kwamfuta da aka yi don kumfa ba su da su, shi ya sa rubutun hannu mai tsabta, da manyan baƙaƙe, ya fi zama lafiya.

Kumfa ɗaya kada ta wuce kalma 20 zuwa 25, kuma kada ta maimaita abin da hoto ya riga ya nuna. A bar mutane su yi magana yadda suke yi a gari. Dattijon Kurfai da ke cewa "sunka" da "shina" kada a sa masa Hausar rediyo a baki. Amon abubuwa ma Hausa tana da nata: buhu ya faɗi tim, guga ya faɗa rijiya tsulum, ƙofa ta bugu garam. Ba sai an aro na Turawa ba.

A Imanan, Zabarmanci da Tamashek suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da Hausa. Dabara ita ce a ɗauki hoton shafi tun kumfa tana wayam, sannan a cika ta da kowane harshe. Zane ɗaya sai ya ba da littafi uku ko huɗu. Labarin da ba shi da kalma ko ɗaya kuma yana isa ga wanda bai yi boko ba.

Inda labari yake

Misalan Dakar da Abijan sun nuna cewa rayuwar unguwa tana sayuwa. Imanan ta yi suna da noman dankalin turawa a fadamar Dallol Boso, kuma kakar noman rani kaɗai cike take da labari: bashin iri da taki, ban ruwa cikin sanyin asuba, faɗuwar farashi lokacin da kowa ya haƙe nasa a tare, cinikin dillalai da motocin da ke ɗauka zuwa Yamai ta Baleyara. Akwai ɗan ci-rani da ya tafi Abijan ko Kwatano, da matar da ya bari da yara. Akwai tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, waɗanda ba mallakar kowa ba ne. Akwai kokowa, wadda gasarta ta takobin ƙasa ke gudana tun 1975.

Tarihi ma yana jira. A 1925, a Shikal ta ƙasar Kurfai, wata mata mai suna Shibo ta jagoranci ƴan Babule, waɗanda aka fi sani da Hauka, masu hawan iskokin da ke kwaikwayon sojoji da jami'an mulkin mallaka, suka kuma bijire wa sarautar da Faransawa suka ɗora. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama su aka tsare, daga baya shi kansa ya shiga jerin iskokin da sunan Kwamandan Mugu. Labarin Sarauniyar Lugu da artabunta da rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ya riga ya zama littafi a hannun Abdoulaye Mamani a 1980, ya zama fim a hannun Med Hondo a 1986. Mai son taɓa irin wannan tarihi sai ya zauna da dattawa, ya ji fiye da baki ɗaya, ya leƙa cibiyoyin CELHTO da IRSH a Yamai inda ake adana tarihin baka, ya kuma tuna cewa jikokin mutanen da yake zanawa suna raye.

Bugawa da lissafi

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin littafi na hotokofi. Takardar A4 idan aka ninka ta biyu tana ba da shafi 4, don haka adadin shafuna sai ya zama 8 ko 12 ko 16. A fara ninka fararen takardu a sa musu lamba, don a ga shafin da ke zama kusa da wane: a littafi mai shafi 16, na 16 da na 1 ne ke fuska ɗaya, na 2 da na 15 a bayansu.

Ga misalin lissafi, kowa ya sa farashin garinsu. Shafi 16 takarda 4 ce gaba da baya, wato fuska 8. Idan kowace fuska sefa 25 ce, an kashe 200. A ƙara 100 na bango mai kauri, kowane kwafi ya tsaya a sefa 300, dala sittin ke nan. Idan aka sayar dala ɗari, wato 500, mai shagon da ya sayar ya ɗauki 100, saura 400. Wanda ya buga kwafi 100 ya zuba jika 30, kuma sai ya sayar da kwafi 75 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Idan duka suka ƙare, ribarsa jika 10 ce, ladan aikin wata ɗaya ko biyu.

Wannan lissafi yana nuna cewa ƙaramin littafi talla ne da shaidar iyawa, ba shi zai riƙe gida ba. Saboda haka a fara da kwafi 20 ko 30, ko a karɓi kuɗin masu so tun kafin a buga. Facebook da WhatsApp kuma suna kai aiki inda mota ba ta zuwa. Don waya, a jera gidaje daga sama zuwa ƙasa, salon da ƴan Koriya ta Kudu suka yaɗa, a ƙara girman rubutu, a kuma tsayar da rana ɗaya a mako da ba a saɓawa. Masu karatu na nesa suna iya biya ta Nita ko Amana ko Airtel Money.

Inda kuɗin suke

Ko a Faransa, inda kasuwar take da girma, wani binciken da masu sana'ar suka fitar a 2016 ya gano cewa kashi 53 cikin 100 na ƙwararrunsu ba sa samun mafi ƙarancin albashin ƙasar, kashi 36 kuma suna ƙasa da layin talauci. Mai zane a Nijar sai ya haɗa hanyoyi da yawa, kuma bai kamata ya bar karatu ko gona ko shago ba kafin zane ya fara biyan bukata a kai a kai.

Hanyoyin sun haɗa da allunan hotuna da ƙananan littattafan wayar da kai da ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji ke bukata kan rigakafi, tsabta, noma da karatun ƴan mata. Akwai hotunan littattafan makaranta da na yara, fannin da cibiyar INDRAP da maɗaba'ar Gashingo ta Yamai ke aiki a kai, har da harsunan gida. Akwai zanen jarida, allon shago, tambarin ƙungiya, bangon littattafan marubutan Hausa, da koyar da yara lokacin hutu.

Duk waɗannan suna tambayar abu ɗaya: a ga aiki. Mai zane ya tanadi shafi 10 zuwa 15 mafi kyau, a takarda da kuma a waya, ciki har da cikakken labari ko da ɗaya ne. Da su ake neman shiga bukukuwan sana'ar, irin su FIBDA na Aljiyas da ake yi tun 2008, da Bilili na Barazabil. Wajen yanka farashi, a ƙirga kwanaki. Idan shafi yana cin kwana biyu, kuɗinsa kada ya gaza ladan kwana biyu na magini ko tela gwani, a ɗora kuɗin kayan aiki a kai.

Yarjejeniya da haƙƙin mallaka

A 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da haƙƙin Superman kan dalar Amurka 130. Kamfanin ya tara dukiya mai yawa da shi, su kuwa suka shafe shekaru suna shari'a. Darasin bai tsufa ba. Sayar da zane daban, sayar da haƙƙin buga shi daban.

Kowane aiki, ko na ɗan uwa ne, a rubuta shi a takarda, kowa ya sa hannu. Takardar ta faɗi adadin shafuna, ranar miƙawa, kuɗi da lokacin biya, sau nawa za a yi gyara kyauta, inda za a yi amfani da zanen da tsawon lokaci, ko an yarda a fassara shi ko a sake bugawa, da cewa sunan mai zane zai fito. A karɓi kafin alƙalami, sulusi ko rabi, kafin a ɗora fensir. Idan mai buga littattafai ne, yakan biya kaso daga kuɗin kowane kwafi. A Faransa kason yakan kasance 8 zuwa 10 cikin 100, marubuci da mai zane su raba. Abokan aiki biyu su ma su rubuta rabonsu tun ana shiri.

Hukumar da ke kula da haƙƙin masu fasaha a Nijar ita ce BNDA, a Yamai, kuma ƙasar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Mai zane ya sa hannu da kwanan wata a kowane shafi, ya riƙe takardun asali, abin da zai saki a intanet kuma ya rage masa ƙarfin hoto yadda ba zai bugu da kyau ba.

Doka da addini

Zanen barkwanci yana taɓa manya, kuma doka tana kallonsa kamar rubutu. Dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a ta hanyar na'ura. Hoton da aka tura a WhatsApp yana ciki. Shi ya sa masu zane da yawa suke bin hanyar tatsuniya, su ɗora hali a kan kura ko kwaɗo, kamar yadda Moustapha Alassane ya yi, maimakon fuskar wani sananne.

Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani kan zana abu mai rai. Wasu sun hana, wasu sun sassauta idan don ilimi ne ko don yara. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ba a saɓani a kai shi ne nisantar zana annabawa da wasa da abin da jama'a ke girmamawa. Mai zanen da ya zaɓi kauce wa siffar mutum yana da zayyanar allo, adon gine-ginen Damagaram da aikin wuyan riga, waɗanda ake nema a bangon littafi da tambari.

Shekarar farko

Wata uku na farko: zanen ido kullum, ko na minti 30 ne, da layi ɗaya mai gida huɗu kowane mako. Wata uku na biyu: labarai uku masu shafi ɗaya zuwa huɗu, a ba mutum biyar su karanta ba tare da an yi musu bayani ba, a lura da inda suka tsaya ko suka rikice, don nan ne gyara yake. Wata uku na uku: labari mai shafi 12 ko 16. Wata uku na ƙarshe: a buga kwafi 30, a kai makarantu da gidan matasa da shagunan kayan karatu, a aika wa jaridu da ƙungiyoyi, a rubuta abin da aka kashe da abin da ya shigo.

Masu zane uku ko huɗu na gari ɗaya suna iya haɗa ayyukansu cikin littafi guda, su raba kuɗin bugawa, kowa ya sayar wa nasa mutane. Wanda ya bi wannan tsari zai ƙare shekara da shafuna sama da 20 da aka gama, da littafi mai ɗauke da sunansa, da kayen lissafin da zai gaya masa ko ya ƙara adadin bugu na biyu ko ya rage.